Tagar Inna Wadha

Sakaka, Rabi'us Sani

Zuwa ga ƙanena Hamud, Abu Majid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Ummu Majid da yara da jikoki. Yaya gwiwar? Yaya kunnen, ko har yanzu sai an yi maka tsawa? Mu nan lafiya lau, an fara tsinkar zaitun. Ɗana Nawwaf zai sauke maka galan biyu na mai tare da wannan takarda. Kada ka raba wa surukanka, na san halinka.

Ranar Juma'a na kira ka a waya, ina ta magana kana ta tambaya wa ya mutu. Shi ya sa na koma takarda. Masana'antar siminti ta cinye maka kunne, ni kuma ciwon suga ya juyo kan idona, ka ga mun dace.

Makon jiya 'yata Haila ta kai ni wurin likitan ido. Ya yi ta kewaye-kewaye, na ce masa, "Likita, ni malamar makaranta ce. Na shekara talatin ina gaya wa iyaye 'ya'yansu sun faɗi jarrabawa. Faɗa min kai tsaye."

Ya ce, "Inna, na dama ya tafi. Na hagu muna riƙe da shi. Amma in akwai abin da kike son gani, kada ki bar shi sai baɗi."

Tun kafin in fita daga ɗakinsa abu ɗaya ya zo min a rai, tagar mahaifiyata, Inna Wadha.

Na ji a talabijin an gyara tsohon garinmu na Dir'iyya da ke gefen Riyad, an buɗe shi ga baƙi. Tun da aka biya iyayenmu diyya aka tashe mu, shekara arba'in da wani abu, ban sake taka lungunmu ba. Miji ya kawo ni arewa, 'ya'ya suka riƙe ni, kullum ina cewa baɗi. To, baɗin ya ƙare.

Kai taga kawai kake kiranta, don ba ka san wahalar da ka ba mutane ba. Bari in sake tuna maka ko ka ji kunya. Ina wata huɗu aka haife ka, mahaifiyarka Lulwa ta kwanta zazzaɓi, nono ya ƙafe. Bango ɗaya ne tsakanin gidanku da namu, amma ƙofarku masallaci take kallo, tamu tana kallon kwari. Kafin mace ta lulluɓe ta zagayo, ka shiɗe da kuka. Sai Babana da naka suka ɗauki diga suka huda bangon daidai faɗin jariri. Ta nan ake miƙo ka, Inna ta cire ni daga nono ta sa ka. Rabona ka sha, shi ya sa ka fi ni tsawo.

Da aka yaye ka ba wanda ya yi zancen toshe ta. Ta nan garwashi ke wucewa, da gishiri, da kwanon jarish, faten alkamar nan mai zafi, da gulmar lungu duka. Wata shekara gab da Sallah, Inna ta shafe bakin tagar da farar ƙasa ta gefenmu, ta tsoma yatsa a shunin wanki ta kewaye ta da zane haƙori-haƙori. Saura kusurwa ɗaya shunin ya ƙare, ta kwaɓa kwallin idonta da ƙaro ta ƙarasa. Baƙin yana ƙasa ta hagu, har yanzu ina ganinsa.

Ka san Inna ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Kabarinta ba suna, kamar na kowa, kuma ko da suna, ni mace ba zuwa zan yi ba. Fuskarta ma ta fara guje min, Hamud, kuma wannan ya fi ciwon idon tsorata ni. In ka cire ni da kai, tagar nan ce kaɗai abin da hannunta ya bari a duniya.

Ka je ka duba min ko tana nan, ka gaya min ranar da zan zo. Kada ka aiko min hoto a waya, ba na ganin komai a wannan ɗan gilashin. So nake in tsaya inda take tsayawa, kai kana ɗaya gefen.

Ka rubuto da alƙalami mai kauri, baƙaƙe manya-manya, irin yadda nake rubuta wa 'yan aji ɗaya a allo.

Yayarka,
Mizna


Riyad, ƙarshen Rabi'us Sani

Yaya Mizna, Ummu Nawwaf,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Mai ya iso, Allah ya saka da alheri. Surukan sun samu galan ɗaya, kada ki yi faɗa. Gwiwa da sauƙi, kunne yana nan yadda kika san shi. Ranar da na karanta labarin idonki ban iya cin abinci ba. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Na je. Ɗana Majid ne ya kai ni bayan la'asar. Mota ma ƙarƙashin ƙasa ake ajiye ta, a inda nake zaton gonar Ibn Duhaim take a da. A bakin ƙofa wani saurayi cikin fararen kaya ya ce sai na nuna izinin shiga a waya. Na ce masa, "Ɗana, a ciki aka yanke min cibiya." Ya yi murmushi ya faɗi abin da ban ji ba. Majid ya nuna masa wayar, sai ya sunkuyo daidai kunnena ya ce, "Barka da zuwa, Baba. Zuwanka na farko ke nan?" Wannan kam na ji shi sarai.

Ba zan rage musu ba, aiki sun yi aiki. Bangayen da muka sani suna zubewa duk sanda aka yi ruwa, yanzu a tsaye suke, sumul, ba tsaga ko ɗaya. Gidajen sarakunan da, inda muke hawa kamun tattabaru, an sa musu gilashi da fitilu, sai ka bi ta kan gadar katako ka leƙa. Ba akuya, ba hayaƙin gurasa, ba ƙuda ko ɗaya. Turare kawai ke tashi, ban ma ga inda ake ƙona shi ba. Wasu ƙananan motoci masu batir ke yawo da tsofaffi, aka sa ni a ɗaya kamar kayan miya.

Tsallaken kwari, inda kuke wanki, gidajen abinci ne a jere. Majid ya ce mu zauna. Na ga jarish a takardarsu, irin wanda Inna ke miƙo mana ta taga tana cewa a dawo mata da kwanonta. Da na ga kuɗinsa sai na ajiye takardar a hankali, na ce ruwa ya ishe ni.

Akwai wata yarinya mai yi wa baƙi bayani. Ta yi maganar limamai da sarakuna, da yaƙin da aka yi shekaru ɗari biyu da suka wuce, da yadda aka rushe garin. Majid yana maimaita min a kunne. Na tsaya ina jira ta zo kanmu, mu da kakanninmu suka tarar da kufai suka ɗora masa rufi, suka haihu a ciki, suka mutu a ciki. Daga rushewa sai ta tsallaka zuwa gyara.

Maganar lungunmu kuwa, ba a gama aikinsa ba, an tare shi. Ki ɗan dakata, zan gaya miki idan lokaci ya yi.

Ki riƙa sa magani a kan lokaci. A gaida Nawwaf da Haila.

Ƙanenki,
Hamud


Sakaka, Jimada Awwal

Hamud,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali. Sanyi ya sauko mana, ƙasusuwana sun sani tun kafin masu labarin yanayi. An gama zaitun, bana ya yi albarka.

Shafi biyar ka cika da motoci da turare da kuɗin jarish, tagar ta samu layi biyu a ƙarshe. Na koyar da yara, na san tsayuwar wanda ya ɓoye hannu a baya. An tare lungu, sai ka juyo? Kai da ka tsallake katangar Ibn Duhaim satar ɗanyen dabino, ka bar rabin rigarka a ƙaya, yau igiya ce ta mayar da kai?

In ta rushe ka ce ta rushe, in yi kukana in huta. In sun toshe ta ka faɗa. Na binne miji, na binne ɗa, ba bangon ƙasa ne zai kashe ni ba.

Idon yana nan yana ja da baya. Wani hazo ke shigowa ta gefe-gefe, tsakiya ce ta rage. Na daina sa zare a allura. Haila ma da tafiyarta nake gane ta kafin ta matso. Jiya na zuba wa baƙuwa gahawa a kan tire, finjalin yana gefe yana kallona. Muka yi dariya, da ta tafi na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Haila tana da hutun makaranta a ƙarshen wata mai zuwa, Nawwaf ya ce tafiyar yini ɗaya ce a motarsa. Ko daga bakin igiyar ne a bar ni in hanga. Ka ce min in zo.

Yayarka,
Mizna


Riyad, Jimada Sani

Yaya Mizna,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai Ummu Majid da mura ta kama, amma ta tashi. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa.

Ba ta rushe ba, wallahi, ba a kuma toshe ta ba. Wannan na tabbatar. Ki kwantar da hankalinki.

Amma kada ki zo a wannan hutun. Yanzu ne lokacin baƙi, daga ko'ina suke zuwa, maza da mata a cakuɗe, ko wurin sa ƙafa babu. Ba wurin da mace irinki za ta tsaya ba ne a yanzu. Ina kan wata magana da mutanen wurin. Bayan Azumi idan zafi ya shigo za su watse, a lokacin ni da kaina zan zo in ɗauke ki. Wata uku ne kacal, kamar gobe ne.

Na yi miki addu'a a masallaci, na kuma sa liman ya yi.

Ƙanenki,
Hamud


Sakaka, Rajab

Zuwa ga Abu Majid,

Assalamu alaikum. Ina fata Ummu Majid ta warware. Mu nan alhamdu lillahi.

Takardarka ta iso, na karanta ta a bakin ƙofa inda rana ta fi ƙarfi. Na daɗe a kan layi ɗaya. Mace irina.

Na gane. Tsohuwa ce daga arewa, da tsohuwar abaya da ta koɗe, da lalle har wuyan hannu, tana lalube a bango tana magana da ƙarfi don ƙanenta kurma ne. Wurin kuma na masu turare ne, kuma Majid yana da abokan aiki da surukai da za a iya haɗuwa da su. Da ka faɗa tun farko da ban dame ka ba. Lokacin da kake tsirara ana miƙo ka ta ramin bango, ba wanda ya ce ba wurin yaro irinka ba ne.

Hutun Haila ya zo ya wuce. Nawwaf ya ce, "Inna, ki shirya in kai ki, me za mu jira Kawu ya yi mana?" Na ce a'a. Ban taɓa shiga Riyad ban sauka gidanka ba, ba kuma zan shiga lungun nan da kowa ba sai kai. Tagar mutum biyu take so, ɗaya nan ɗaya can. Ka ce an tare, ka ce bayan Azumi. To, Allah ya kai mu.

In ka ga layukana suna gangarawa, ba fushi ba ne, ba na ganin bakin takardar. Naka rubutun ma ya fara yi min ƙanƙanta, ka ƙara masa girma.

Ummu Nawwaf


Sakaka, Sha'aban

Hamud,

Hannun Haila ne wannan, bakin nawa ne. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara min ko kalma.

Takardata ta Rajab ba ka amsa ba. Ba komai, ko ka amsa yanzu ba zan gani ba. Ranar Talata biyu da suka wuce na idar da sallar asuba na zauna ina jiran gari ya waye. Na ji tsuntsaye, na ji motar mai gurasa, na ji 'yan makaranta, gari bai waye ba. Likita ya ce jini ne ya zubo a cikin idon. Sun yi abin da za su iya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na karɓi wannan, daga Allah ne. Ga wanda ban karɓa ba.

Shekaranjiya Haila ta dawo daga makaranta ta zauna kusa da ni, ta ƙi cire abaya. Na ce, "Ke lafiya?"

Ta ce, "Inna, tagar nan da kike faɗa, zanenta haƙori-haƙori ne, shuɗi, a kan fari?"

Na ce, "A ina kika gani?"

"Wata malamarmu ce ta je Riyad hutu. Tana nuna mana hotuna a ofis, sai ga ta ita da mijinta a gabanta."

"Wane hutun?"

Ta fara kame-kame. Na ce ta faɗa. Ta ce, "Wanda ya wuce, Inna. Ta ce layi ma ake yi."

Hutun da na roƙe ka in zo, Hamud. A lokacin ina gane fuska in an matso, ina gane shuɗi da baƙi. Ashe lungun ba a tare yake ba. Mutanen Riyad sun gani, Turawa sun gani, malamar lissafi daga Sakaka ta gani ita da mijinta. Ni kaɗai ka tare wa.

Ba na son gaisuwa, ba na son addu'ar liman. Dalili nake so.

Mizna 'yar Wadha


Riyad, Sha'aban

Yaya,

Kin ce ba kya son gaisuwa, to na bar ta. Nawwaf yana tsaye a ƙofa, ya ƙi shiga, ya ƙi shan ruwa, ya ce sai da amsa zai tafi.

Ƙarya na yi miki. Tun ranar farko na ga tagar.

Gidanku da namu an haɗe su an yi shagon gahawa. Ɗakin Inna an jera kujeru, namu ma haka. Tagar tana nan yadda kika bar ta, da farin, da shunin, an sa mata fitila a sama. Da na hango ta na nufe ta kai tsaye, Majid yana riƙe da ni. Sai na ga wani allon ƙarfe a gefenta, da Larabci da Turanci. An rubuta Tagar Masoya. Wai 'yar wani basarake ce da wani sojan talaka suke miƙa wa juna wasiƙu ta nan, shekaru ɗari biyu da suka wuce. Ga samari da 'yammata a layi, namiji ya zagaya ta ɗakinmu, mace ta tsaya ta ɗakinku, su zura hannu su riƙe juna, a ɗauke su hoto suna dariya. Daidai inda Inna take zama ta ɗora ni a cinya, Yaya. Matar da ko maƙwabcinta bai san muryarta ba.

Na nemi mai kula da shagon, wani matashi mai ladabi. Na ce, "Ɗana, tagar nan babana ne ya huda ta. Ni aka miƙa ta cikinta."

Ya ce, "Ma sha Allah, Baba, labari mai daɗi. Akwai wata takarda, ko hoto?"

Na ce, "Ni ne takardar."

Ya yi dariya, ya sa aka kawo min gahawa da dabino, ya hana ni biya. Ya rubuta min a wayarsa don in karanta, wai allon ba shi ya sa ba, kuma rabin cinikinsu tagar ce ke kawo shi. Na koma, na sake komawa, har ma'aikatan suka fara kirana Baban Taga. A ƙarshe ya ce bayan Azumi idan baƙi sun ragu, zai cire min allon na safiya ɗaya, ya rufe shagon, mu shiga mu biyu.

Wannan nake jira. Na so ki ga tagar Inna, ba tagar masoya ba. Na ce da ido ɗaya da ya rage miki, ba za ki karanta wannan allon ba ina raye. Da na ce mace irinki, 'yar Wadha nake nufi, ba abayarki ba. Takardarki ta Rajab ta ƙone ni, na zauna amsawa sau da yawa, sai in ga ko dai in ƙara ƙarya ko in faɗi abin da ke allon, sai in ajiye alƙalamin.

Likita ya ce kada ki bari sai baɗi. Ni kuma na ce wa kaina bayan Azumi ai ba baɗi ba ne.

Ba ni da abin da zan mayar miki. Na sha nonon uwarki, na kuma hana ki ganin hannunta. In kin ce kada in ƙara rubutowa, zan bari. In kuma akwai sauran yafiya, ina roƙo.

Hamud


Sakaka, Shawwal

Ƙanena Hamud,

Assalamu alaikum. Mun iso gida lafiya, sai gajiyar mota. Ka gode min wa Ummu Majid, ta yi ɗawainiya. Haila ce ke rubutu, tana gaishe ka.

A gidanka ba mu yi wata magana ba, ni na ƙi ɗaga murya a gaban yara, kai kuma kana ta tura min faranti. Ranar da muka je can, kai ka ga abin da ya faru, ni na ji. To bari in ba ka rabin da ya wuce ka.

Ka yi mamaki da na ce kada a rufe shagon, kada a cire komai, mu je da la'asar kamar kowa. Na gaji da a gyara min duniya kafin in shigo.

Na ƙi hawa 'yar motar nan tasu don ƙafata ta fi ku sanin hanya. Sun shimfiɗa dutse, amma gangaren bayan masallaci yana nan, da kwanar da iska ke bugo mutum. Da muka shiga sai ƙarar kofuna da kiɗa da ƙamshin gahawa. Haila ta ɗora hannuna a bango. Sumul yake, ba namu ba ne, har sai da yatsuna suka faɗa bakin tagar. Nan na ji sarar digar Baba, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, kamar yadda Inna ke yi masa tsiya kullum. Tagar ta yi ƙasa, Hamud, sai da na durƙusa. Na manta a zaune ake miƙo ka.

Shuni ba ya jiyuwa a yatsa. Na shafa, na shafa, bango ne kawai. Haila ta koma gefe tana sharɓe hanci, ba ta da amfani. Na tambaye ka har sau uku, baƙin yana ina, ba ka ji ba, kana ta ce min, "Ga ta nan, Yaya, ga ta nan." Sai wata yarinya a bayanmu, cikin masu jiran layi, ta ce, "Goggo, baƙin yana ƙasa ta dama."

Na ce, "Ta hagu dai."

Ta ce, "Ta dama, ga shi ina kallo. Kamar shuɗin ne ya ƙare musu."

Na ce, "Ba musu ba, mata. Karanta min abin da ke allon."

Ta karanta min tas, da 'yar basarake da sojanta. Ka ga kafaɗata tana rawa ka zaci kuka nake, har ka dafa ni. Dariya nake, Hamud. Kai ka san Innar da ke sunkuyar da kai in babanka ya yi gyaran murya. Ni na san wadda ke zama a bakin tagar nan ita da Lulwa, suna ƙulla wa zai auri wa. Rabin auren lungunmu ta ramin nan ya wuce, har naka. Da Inna ta ji an ce wa tagarta tagar masoya, da ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce a ba ta kasonta na kuɗin gahawa. Abin da ka tsare ni daga gare shi ke nan, wata biyar. Da ka tambaye ni, ƙanena.

Da na ce ka zagaya, na ji sandarka tana tafiya, na zura hannu ina jira. Ka kama shi, hannunka duk ƙashi. Sai na ji an ɗauki tafi. Na san za ka miƙe ka yi musu tsawa, shi ya sa na matse ka na ƙi saki, ba wai ƙauna ce ta yi yawa ba.

Yarinyar ta durƙuso ta ce, "Goggo, shekara nawa da aurenku?"

Na ce, "Ƙanena ne. Ta nan aka miƙo wa uwata shi ta shayar, ita ta yi zanen nan da yatsarta. Sunanta Wadha."

Sai na ji ta sumbaci kaina, ta ce, "Wadha." Ban san sunanta ba, ban san fuskarta ba. Cikin duk masu layin nan, mutum ɗaya dai ta tafi gida da sunan Inna.

Tun da na dawo nake ƙoƙarin mayar da baƙin nan dama a cikin kaina, ya ƙi matsawa. Shekara arba'in ina ɗauke da shi a hagu. In wannan ban riƙe shi daidai ba, wa ya san me kuma na juya a fuskarta? Kallo ɗaya ya isa ya gyara min, shi ne ban samu ba.

Ka roƙi yafiya. Na yafe maka, duniya da lahira, wanda ya sha nonon uwata ba ya kwana a raina. Amma ba zan ɓoye maka ba, mun gama da ɓoye-ɓoye. Kullum da safe in na buɗe ido ban ga komai ba, kai nake fara tunawa. Ina roƙon Allah ya cire min wannan, kai ma ka taya ni.

Ka ci gaba da rubutowa. Nawwaf zai kawo maka sauran man bara, wannan karon ka ba surukan in ka ga dama. Sai dai Haila ta ce takardarka ta ƙarshe shafi tara ce, kalma huɗu a layi. Ka daina ɓarnar takarda, ka ajiye alƙalamin nan mai kauri. Ita ke karantawa yanzu, idonta lafiya lau.

Yayarka,
Mizna